Kaskon Wuta da Ɗakin Siminti: Yadda Ake Jin Ɗumi a Birnin Katsina

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, birnin Katsina yakan canza hali. Sahun sallar Asuba ya ragu, masu shayi a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa su ƙara benci, 'yan gwanjo su baje rigunan sanyi da safa a bakin titi, masu Keke Napep su naɗe fuska sai ido kawai. Da la'asar sakaliya kuwa kasuwa ta koma hannun mai gawayi da mai faskare. Yara su yi layi da 'yar leda ko tsohon kwano, wannan na ɗari biyu, wancan na ɗari biyar. Ba duka gawayin nan ne na tuwon dare ba. Wani kaso nasa a kasko za a zuba shi, a fifita har ya yi ja, a shiga da shi ɗaki, a ja ƙofa, a saki labule.

A lissafin masana yanayi, sanyin Katsina ba wani abin a zo a gani ba ne. A Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 gab da Asuba, wani daren ya gangara ƙasa da 10, da rana kuma ya koma kusan 30. Mutumin Rasha dariya zai yi. Sai dai shi gidansa tun daga harsashi don sanyi aka gina shi, Bakatsine kuwa da zafin Afrilu da Mayu a ransa yake gini, lokacin da ake haura digiri 40. Ga busasshiyar iskar arewa maso gabas ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na arewacin Chadi, tana fasa leɓe da dunduniya, tana kutsowa ta kowace kafa. Sanyin yankin nan ya taɓa ba baƙi mamaki. A ƙarshen Disamban 1823, Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, a kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da suka ajiye ya yi ƙanƙara. Abokin tafiyarsa Dokta Walter Oudney, wanda dama yake fama da ciwo, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824.

Gajartar sanyin ita ce tushen matsalar. Mako shida ne ko takwas, shi ma da dare da sassafe. Ba mai son zuba kuɗi a kan abin da zai yi wata goma a jingine, don haka babu wata sana'ar ɗumama ɗaki da ta kafu a gari. Akwai mai gyaran fanka da mai gyaran firji a kowace unguwa, amma da wuya a nuna shagon da ake ƙera murhun ɗaki mai bututun hayaƙi. Kowane gida da dabararsa, dabarar kuma kusan iri ɗaya ce: wuta a fili, cikin ɗaki a rufe.

Ɗaki ya canza, kasko na nan

Kakannin Katsinawa ma da wuta suka yi maganin ɗari, amma a ɗakin da ya bambanta da na yau. Soron ƙasa, irin wanda har yanzu ake gani jefi-jefi a Rafindadi da Yarinci da Gambarawa, katangarsa mai kauri ce, rufinsa azara da ƙasa. Yakan sha rana tun safe, ya riƙe zafin, sai dare ya yi ya riƙa sakin sa a hankali. Shi ya sa tsofaffi ke cewa soro da sanyi yake a bazara, da ɗumi a hunturu, kuma gaskiyarsu. Ɗakin jinka kuwa ba ya riƙe zafi, amma yana numfashi. Hayaƙi ya tashi ya bi ta cikin shuci ya fice, ya bar kunkunniya a tanka, wadda ke korar ƙwari daga rufin. Ƙofa asabari ce ko tufaniya. Ko an so a toshe iska gaba ɗaya, ba ta tosuwa.

Akwai kuma gadon ƙasa, wanda shi ne murhun ɗumama ɗaki na asali a ƙasar Hausa. Dakali ne da ake ginawa a jikin bango, a bar rami a ƙarƙashinsa, a zuba garwashi, ƙasar ta ɗauki zafi ta riƙe har safe. Tsofaffi da masu jego su suka fi cin moriyarsa. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a yankin da haɗuwar abubuwa uku: kunun kanwa, wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka gasa da wuta. Wannan ya ɓata wa gadon suna a wurin ma'aikatan lafiya, bisa hujja kuwa, idan ana maganar mai ɗanyen jego a tsakiyar zafi. Ta fuskar gini dai dabarar mai kyau ce, kuma ba Bahaushe kaɗai ya gano ta ba. A arewacin Sin akwai irin wannan gado da suke kira kang, a Koriya kuma ondol, inda daɓen ɗakin gaba ɗaya ake gasawa. Abin da suka fi mu da shi guda ne: su hayaƙin girki suke bi da shi ta ƙarƙashin gadon, ya bar zafinsa a jikin ƙasa, ya fita waje ta bututu.

Ɗakin da yawancin mutanen birni ke kwana a yau wani abu ne daban. Bulon siminti mai rami a ciki, rufin kwano, silin na roba, tagar alminiyom mai gilashi, ƙofar ƙarfe. Kwano na rasa zafinsa da zarar rana ta faɗi, ƙarfe uku na dare ɗakin ya zama firji. Ga shi kuma yana rufuwa ruf. Saboda ƙura, matan gida kan cusa tsumma a ƙasan ƙofa, a liƙe taga da leda ko kwali. A cikin wannan ɗakin ne ake shigo da kaskon da aka gada daga zamanin jinka.

Gubar da ba ta da wari

Duk abin da ke ci da wuta, idan iska ta yi masa kaɗan, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Idan aka shaƙe ta, takan manne wa jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya ci gaba da zagayawa amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun abin da suke buƙata. Gawayi ya fi itace yaudara a nan. Itace yana hayaƙi, hayaƙin ya kori mutum waje ko ya tilasta masa buɗe taga. Gawayin da ya riga ya kama kuwa shiru yake ci, mutane su ce ai hayaƙin ya ƙare, a shiga da shi. Hayaƙin da ido ke gani ne ya ƙare, gubar tana nan tana fita har garwashin ya mutu.

Alamominta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala. A garin da kowane ciwon kai zazzaɓin cizon sauro ne har sai an tabbatar da akasin haka, wa zai zargi kasko? Wanda abin ya same shi a farke yana iya lallaɓawa ya fita. Mai barci ba ya farkawa. Idan aka wayi gari mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya sun sume, maganar da ke fara zuwa bakin maƙwabta ita ce abincin dare, ko sammu, ko mutanen ɓoye. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya ko sikila su suka fi saurin faɗuwa, su ne kuma waɗanda aka fi shigar wa da wuta ɗaki don tausayi. Gubar nan ita ce dai wadda janareta ke fitarwa idan aka kunna shi a baranda ko a lungun da taga ke kallo.

Sai gobara. A hunturu komai a bushe yake, zana da danga da katako, ga iska. Katifar soso na kamawa cikin daƙiƙoƙi, ta narke tana fitar da baƙin hayaƙi. Gidan sauro, labule, hijabin roba, bargon da ya zamo daga gado, yaro mai rarrafe, mai farfaɗiya da ciwonsa ya tashi kusa da wuta: duk ma'aikacin jinya da ya yi aiki a sashen gaggawa a Janairu ya san waɗannan. Lungunan cikin gari kuma, daga Masanawa zuwa Unguwar Alƙali, ba kowanne motar kashe gobara ke iya shiga ba. Maganar ma ba sabuwa ba ce a wurin malamai. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya umarci mutane su riƙa kashe wuta idan za su kwanta. Hadisi ne da ya kamata a ji shi a kan mumbari duk ƙarshen Nuwamba.

Bayan waɗannan akwai cutar da ba ta zuwa dare ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, yawancin yaran ta hanyar ciwon limoniya. Uwa na ganin sanyi ne ya kama haƙarƙarin ɗanta, ta ƙara matso da shi kusa da hayaƙi.

Me ya sa sai itace?

Amsar a aljihu take. Hita mai wat 2,000 tana cin yunit biyu duk awa ɗaya, idan ma akwai wutar, ga kuma wayoyin gidajen haya da ba a ja su don irin wannan nauyi ba. Hitar kanta ba ta da tabbas: gobarar da ta kashe mutum 17 a wani bene a unguwar Bronx ta birnin New York a Janairun 2022, yawancinsu 'yan asalin Gambiya, daga hitar lantarki ta tashi. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Gas ɗin girki ya ninka fiye da sau uku tsakanin 2020 da ƙarshen 2024, har gidajen ma'aikata da dama suka ajiye tukunyar gas a ƙarƙashin gado suka koma wa kurfoti da abaca. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dakon komai, har da itacen.

Shi kuma itacen daga nesa yake zuwa. Dajin Rugu da ke yammacin jihar, wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, wanda a da ake alfahari da shi, ya zama mafakar 'yan bindiga. A ƙarshen Agustan 2021, cikin matakan tsaron da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanar, har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Mazauna birni sun ji wannan doka a murhunsu. Idan marke da ƙirya suka yi wuya, gatari kan juya kan bedin bakin hanya da gawon gona. Gawayi kuma, duk da tsabtarsa a ido, shi ya fi cin daji: a ramin gargajiya sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya.

An yi yunƙurin gyara, ba sau ɗaya ba. Tun ƙarshen shekarun 1980, daidai lokacin da aka ƙirƙiro jihar a 1987, Tarayyar Turai ta zamanin ta tallafa wa shirin dashen itatuwa na Katsina. Daga 2014 ƙungiyar Oxfam da cibiyar ICEED, da kuɗin Tarayyar Turai, sun gudanar da shirin daidaita samar da itacen girki a ƙananan hukumomi bakwai: Baure, Daura, Dutsi, Mai'aduwa, Mashi, Sandamu da Zango, inda aka koya wa mutane gina murhu mai tsimin itace da renon bishiyoyin gona. Akwai murhun ƙarfe na Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa tare da atmosfair ta Jamus, yanzu kuma ana ƙera shi a Kano. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana fitar da nata samfurin. A Nijar tun shekarun 1980 aka san murhun Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na ƙasa. A Nuwamban 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000, aikin da ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce, a 2024 kuma ta amince da manufar ƙasa ta girki mai tsabta.

Duk waɗannan tukunya suka sa a gaba. Murhu mai tsimi an tsara shi ne ya tattara zafi a gindin tukunya, kada ya watsu. Wannan daidai ne ga tuwo, amma a daren Janairu zafin da ke watsuwar shi ne abin da yara ke kewaye murhu dominsa. Matar da aka ba murhun zamani za ta gama girki da 'yan ƙirare, sannan ta hura kasko daban don ɗaki. Ba a ga shirin da ya zauna ya tambayi yadda mutane ke ɗumama makwancinsu ba.

Murhu mai bututu

Abin da ƙasashen sanyi suka koya cikin ɗaruruwan shekaru ba shi da wuyar faɗa: a kulle wuta cikin akwatin ƙarfe ko na ƙasa, a ba ta ƙofar shan iska da za a iya ragewa, a ba hayaƙi hanyarsa ta fita waje. Jikin murhun ne ke ɗumama ɗaki. Amfanin bututu an gwada shi a aikace. A tsaunukan Guwatemala, inda ake sanyi kuma ake girki a wutar fili cikin ɗaki, masu bincike ƙarƙashin Farfesa Kirk Smith sun gina wa wasu gidaje murhu mai bututu, suka kwatanta da waɗanda ba su da shi. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2011 ya nuna hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, limoniya mai tsanani kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ba abin da ke cikin irin wannan murhu da ya fi ƙarfin mai walda a Katsina. Wanda ke ƙera ƙofar gida da tankin ruwa da injin niƙa zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kafawa, don murhun da aka kafa ba daidai ba ya fi kasko haɗari, tunda an amince masa an yi barci.

Farko, mazauni. Ba a ɗora shi a kan ledar ɗaki ko kafet. Daɓen siminti tsirara, ko jeren jan bulo, wanda zai fito gaban ƙofar murhun da kamar santimita 45 don tarar garwashin da zai faɗo. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a bar kusan santimita 90 tsakanin murhu da duk abin da ke kamawa da wuta, katako ne, labule ne ko katifa. A ɗakin haya mai ƙafa goma sha biyu, da gado da kwaba da kayan ɗakin amarya, wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna cewa murhun ba na kowane ɗaki ba ne.

Ƙarfen ya zama baƙin ƙarfe mai kauri. Kwanon rufi da fayif mai farin shafe ba su dace da kusa da wuta ba, domin shafen yana tashi da zafi ya zama hayaƙi mai sa zazzaɓi. Duro ko gwangwanin da ya taɓa ɗaukar fenti ko maganin feshi, a ƙone shi sarai a fili kafin ya shiga gida, in ma da hali a bar shi. Tsohuwar tukunyar gas kuwa, yanka ta ba aikin kowane mai walda ba ne. Idan aka jera jan bulo ko aka shafe cikin akwatin da yumɓu, ƙarfen zai daɗe, kuma ɗumin zai ci gaba bayan wuta ta mutu. Nan ne magina tukwane ke da abin cewa.

Bututun shi ne rai. Faɗinsa kamar santimita 12 zuwa 15, ya miƙe sama gwargwadon iko, don zafin hayaƙi ne ke jan sa, kowace kwana kuma tana rage jan. A haɗa gaɓoɓinsa ta yadda bakin na sama zai shige cikin na ƙasa, saboda baƙin ruwan da ke gangarowa ya koma cikin murhu maimakon ya tsiyayo a bango. Wurin da ya fi kashe mutane shi ne inda bututu ke ratsa gini. Kada ya taɓa silin ɗin roba ko katakon rufi ko kaɗan. A gidajen Katsina zai fi sauƙi a huda bango, a bi da shi da ɗan tudu zuwa waje, a kewaye shi da ƙasa ko bulo, sannan ya miƙe. A waje ya wuce rufi da kamar santimita 90, ya kuma ɗara duk abin da ke cikin mita uku da shi da santimita 60, in ba haka ba iskar hunturu za ta maido hayaƙin ciki. A sa masa 'yar hula da raga saboda tartsatsi da tsuntsaye, musamman inda maƙwabci ke da rumfar kara ko tarin harawa a kan soro.

Ko da bututu, ɗakin na buƙatar kafar shigar iska da ba a taɓa toshewa. Wuta na cin iska, idan ta rasa ta inda za ta samu sai ta jawo ta bututun, hayaƙi ya dawo. Mai son ya farfaɗo da gadon ƙasa ya bi da bututun ta cikinsa, dabara ce mai kyau, amma ya riƙa duba tsaga duk shekara. A Koriya ta Kudu, a shekarun 1960 da 1970, lokacin da aka koma gasa daɓe da curin kwal, gubar da ke tsiyayowa ta tsagar daɓe ta kashe mutane masu yawa a cikin barci.

Wajen hurawa, Katsina na da sa'a guda. A Ingila sai da aka yi doka a 2021 aka hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, domin can itace kan yi shekara ɗaya ko biyu kafin ya bushe. Nan faskaren da aka jingina a rana tun Nuwamba ya bushe ƙayau kafin sanyi ya kankama. Duk da haka masu itace kan cakuɗa da ɗanye, ana gane shi da nauyi da kumfar da yake yi a baki idan yana ci. Marke, ƙirya, aduwa da kanya suna daɗewa suna bar da garwashi. Bedi da turare sun fi samuwa kuma suna yi idan sun bushe. Kara da ƙiraren sabara na kunnawa ne. Leda, roba, tsohon takalmi da katako mai fenti ba su da wuri a murhu, fetur da kananzir kuwa ko kusa. Ƙaramar wuta mai harshe ta fi babban gungume da aka toshe wa iska yana turnuƙa, domin turnuƙun ne ke tara kunkunniya mai danƙo a bututu, ita kuma idan ta yi kauri kamawa take da wuta. A kakkaɓe bututun kafin sanyi da bayansa. Toka a kwashe ta a bokitin ƙarfe a kai waje, don garwashi na iya kwana biyu a cikinta da ransa. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru a ɗaki, wadda a ƙasashe da yawa doka ce a kafa ta tare da murhun. Nan ba a saba ganinta a kanti ba, masu kayan lantarki su ne za su iya kawo ta.

Wa ya kamata ya kafa?

Ga magidanci mai ɗaki ɗaya na haya, gaskiya murhu mai bututu ba shi ne mafita ba. Mai gida ba zai yarda a huda masa bango ba, wurin ma babu. Kuɗin ya fi amfani a bargo, tabarma ko darduma a ƙarƙashin katifa, hula da safa ga yara, da silin idan babu. Jarkar ruwan zafi da aka ɗaure bakinta da kyau aka naɗe da zane, ko jan bulon da aka gasa a murhun girki aka naɗe a tsumma, suna ɗumama shimfiɗa ba tare da hayaƙi ba. Idan kuma ba makawa sai kasko, a ɗumama ɗakin taga a buɗe mutane na zaune, a fitar da shi tsakar gida a kashe kafin kowa ya kwanta.

Inda murhun zai biya kuɗinsa shi ne inda mutane da yawa ke kwana ko zama wuri guda: zaurukan makarantun allo da almajirai ke kwana a ƙasa, ɗakunan kwanan ɗalibai, ɗakin masu gadi, falon babban gida da ake taruwa hira, ɗakin tsohuwar da ba ta iya jure ɗari. A waɗannan wurare dama ana ƙona itace da kara kowane dare, mafi yawan zafin yana tafiya sama a banza. Murhu guda mai saman da za a ɗora butar shayi ko tukunyar ruwan alwala zai yi aiki biyu da itacen da bai kai wanda ake ƙonawa yanzu ba. Itacen ma ana iya samar da shi ba tare da an shiga daji ba. A Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ta hanyar Jibiya, manoma sun rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suna barin tohon kututture ya girma a gona suna rage rassa, har aka ƙiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan biyar a kudancin Nijar.

Abin da ya rage aiki ne na mutanen gari. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman tana da sassan injiniya da ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Samfuri ɗaya da aka gwada, aka auna gubarsa, aka zana shi a takarda da Hausa aka miƙa wa ƙungiyar masu walda, zai fi taron bita goma amfani. Ma'aikatar muhalli da hukumar kashe gobara su sa maganar kasko a sanarwar hunturu ta rediyo, da sunansa, ba gargaɗin gobara na gaba ɗaya ba.

Kafin nan, duk gidan da mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri a safiya guda bayan an kwana da wuta, kada a tsaya neman maganin zazzaɓi a kemis, kada kuma a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a nufi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, a kuma gaya wa likita tun a bakin ƙofa cewa da gawayi aka kwana.